Aiken da Baba Ya Yi Mini Zuwa Badun

A majalisarmu ta gindin darbejiya a nan Gafasa, duk ranar da hira ta yi sanyi sai wani ya ce, "Malam Habu, ba mu labarin Badun mana." Ni na fara zuwa Kudu a cikin sa'o'ina, shi ya sa. Nakan ba su labarin jirgi da na barkono, a yi dariya a watse. Rabin labarin ke nan. Ɗaya rabin wasunsu sun ji ƙishin-ƙishin ɗinsa a bakin iyayensu, amma ba wanda ya taɓa tambayata. Yanzu ƙafa ta yi nauyi, ido ya fara hazo, zan rubuta shi gaba ɗaya.

Mu biyu ne maza a wajen Baba, ni da ƙanena Isyaku. Ni na tsaya a elementare, na dawo gona, ina kuma rubuta wa dagaci wasiƙu. Shi kuwa Allah ya ba shi kai, ya yi ta wucewa har ya kai jami'a a Badun, yana karatun kimiyya, ɓangaren ƙwari. Shekara biyu bai zo hutu ba, sai wasiƙa.

Wata rana Alhaji Mato, wani bafataken goro da ke sauka a unguwar Hausawa ta Badun, ya zo gaishe da Baba. Zaure cike da mutane. Ya kurɓi fura, ya goge baki, ya ce, "Malam, na ga ɗanka. Sai dai abin da na gani bai yi mini daɗi ba. Cefane yake a kasuwa kamar matar aure, wani ƙato na riƙe masa kwando. Kuma a rumfar 'yan daudu na gan shi zaune, ana ta shewa."

Baba mutum ne mai saurin hawa. Ya buga hannu a buzu ya ce, "In gaskiya ne, ba shi ba gidan nan har abada!" Kowa ya ji. Da gari ya waye ya kira ni. Ba ya ambatar sunana, don ni ne ɗan fari. Ya ce, "Kai, shirya ka je ka gano ƙaninka."

Inna ta haɗa mini kaya: kuka, daddawa, ƙuli-ƙuli, da man shanu a kwalba. Ta dai ce in duba mata ko ya rame.

Ranar kasuwar Ajingi na hau babbar mota. Shekarar nan ce aka sauya hannun tuƙi, aka koma dama, direbanmu kuwa hannunsa bai yarda da sabuwar doka ba. Daga Gaya zuwa Wudil, duk motar da ta ɓullo sai ya karkata hagu, mu kuma a baya mu ɗauki ihu, "Dama! Dama!" Wani tsoho mai kaji a kusa da ni bai daina salati ba har gadar Wudil. Da muka haye ya ce, "Ɗan nan, in ka ga na sake hawa mota, ka tsine mini." Na tambaye shi da me zai koma gida. Ya koma kan salatinsa.

A Kano na kwana a tashar jirgi, washegari muka tashi. Taragon talakawa na shiga, ba wurin miƙe ƙafa. Kafin Zariya zafi ya narkar da man shanun Inna, murfin kwalbar kuma ashe bai zauna ba. Rigata ta zuwa unguwa, guda ɗaya tak da na naɗe a cikin jaka, ta sha mai har wuya. Wata Bayarabiya mai sayar da atamfa da ke zaune a gabana ta yi ta dariya har da hawaye. Ta daɗe a Kano, Hausarta ta fita. Ta ce, "Malam, kai ne miyar yau." Daga nan ta ɗauke ni kamar ɗanta. Da ta ga ban ci komai ba tun safe, ta buɗe kwano ta ce, "Ci, kada ka mutu mini a nan." Loma ɗaya na yi na ji kamar an zuba mini garwashi. Na yi tari, na yi kuka, ita kuwa tana cewa ai wannan miyar yara ce.

Ta tambaye ni abin da zai kai ni. Na ce ƙanena zan gano a jami'a. Ta tafa hannu ta ce, "Uwarku ta ji daɗi!" Na sunkuyar da kai. Duk tsawon hanyar nan, ko ina dariya, maganar Baba na zaune mini a ƙirji.

A Jebba muka haye kogin Kwara. Ba ƙofa, ba shinge, amma kowa a taragon ya san nan ne Arewa ta ƙare. Ban taɓa ganin ruwa mai faɗi haka ba, na riƙe ƙarfen taga da hannu biyu. Lokacin yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba, sojoji suka shigo suna duba kaya. Ɗaya ya kwance ƙullin daddawa, ya ja da baya ya toshe hanci. Abokinsa, wanda daga ji ɗan wajenmu ne, ya ce, "Bar masa, wannan makamin miya ne." Ya ɗauki ƙuli-ƙuli biyu ya wuce.

Badun gari ne da ba shi da iyaka, rufin kwano mai tsatsa duk inda ido ya kai, ga ruwan sama ba sallama. Na sauka a Sabo, unguwar Hausawa, a gidan wani maigidan fatake, aka ba ni tabarma a ɗaki ɗaya da masu shanu su shida. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne gaisuwarsu. Mu iyakacinmu mu tsuguna, su kuwa saurayi da wandonsa mai guga sai ya kwanta rub da ciki a ƙasa gaban babba. Na farko da na gani na zabura zan ɗaga shi, na zaci farfaɗiya ce.

Da safe na nemi koko. Aka nuna mini wata rumfa. Mai rumfar namiji ne da zane ɗaure a ƙirji, yana juya ƙosai yana karya wuya. Da ya ji na ce daga ƙasar Gaya nake, ya ajiye matsami ya ce, "Lah! Kai ne yayan Malamin Ƙwari? Wallahi kun yi kama ta goshi. Yaron kirki, ɗan albarka. Shi ya rubuta mini takardar asibiti da ƙafata ta kumbura." Ya ƙara mini ƙosai uku. Na bar su a faranti na tashi.

Jami'ar gari ce guda. Na yi ta nuna ambulan ɗin wasiƙarsa ana tura ni gaba, ina tafe da riga mai warin man shanu, 'yan mata da wando suna wuce ni da littattafai a ƙirji. A ƙarshe aka shigar da ni wani dogon ɗaki mai warin magani. Can na hango Isyaku da farar riga har gwiwa, tsaye gaban famfo yana wanke-wanke. Na ce a raina, shi ke nan, har a makaranta aikin mata yake. Sai na duba sosai, na ga samari sun fi goma a jere, kowa na wanke kwalabe da ɗan buroshi, har da wani mai gemu.

Ya juyo ya gan ni. Kwalbar hannunsa ta suɓuce ta fashe.

"Yaya! Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu. Inna ta aiko ni da kuka."

Ya tsuguna a kan jiƙaƙƙen siminti ya gaishe ni yadda aka saba, abokansa na kallo. Ya tambayi kowa, har jakin Baba. Bai tambayi dalilin zuwana ba, ni ma ban faɗa ba.

Ya zagaya da ni. Aikinsa a kan ƙwaron da ke cin wake a rumbu ne. Ga kwalabe jere, kowace da wake da ƙwari da 'yar takarda. Kullum sai ya juye su a faranti ya ƙirga masu rai da matattu. Ya ce in leƙa wani madubi mai ƙara girman abu. Na leƙa, na ga wata dabba mai gashi da ƙaho tana motsa baki, na yi baya na ture kujera. Ɗakin ya ɗauki dariya. Isyaku ya ce, "Yaya, shi ne fa wanda kake ci a cikin alala tun kana yaro."

Wani dogo baƙi ya matso ya ɗaga kujerar. Isyaku ya ce, "Wannan Bitrus ne, ɗakinmu ɗaya. Mutumin kudancin Zariya ne, sinadarai yake karanta." Bitrus ya rusuna ya ce, "Sannu da hanya, Yaya." Na ga yatsunsa duk sun yi rawaya. Ya ce ruwan gwaji ne, ba lalle ba. Shi kaɗai ya yi dariya.

Da yamma suka ce ba za a kai ni ɗakin cin abinci ba, don can sai da cokali mai yatsu, kuma barkonon zai ƙarasa ni. Isyaku ya hura risho a bayan ɗaki ya tuƙa tuwo, ya kaɗa kukar Inna. Ɗalibai 'yan Arewa suka ji ƙamshi suka yi ta ɓullowa da kwanoninsu, ana tsokanarsa, "Uwar ɗaki, a taimaka!" Wani ɗan Katsina ya ce mini, "Malam, in ba don ƙaninka ba da tuni rogo ya kashe mu." Na ga kowa a nan shi ke wanke kayansa, shi ke share ɗakinsa, ba mata ba ƙanne. Sai na ji wani sanyi a raina. Na ce ashe abin da Alhaji Mato ya gani ke nan, mutumin da bai taɓa ɗaura tukunya ba. Na ci tuwo har na yi gumi.

Da ma a nan na tsaya.

Ɗakinsu gado biyu ne. Ɗaya a gyare, da matasai biyu. Ɗayan kuwa an jibge shi da littattafai da akwatunan ƙwari da aka soke da allura. Da suka tashi gyara mini shi, na ga ƙura ta zana wurin kowane akwati a kan katifar, ga yanar gizo daga ƙarfen gadon zuwa bango. Ni manomi ne, na san wurin da aka daɗe ba a taɓa ba. Bitrus ya ɗauki bargo ya ce zai kwana wajen wani aboki. Ya juya zai fita, Isyaku ya miƙa hannu ya gyara masa wuyan riga, bai ma san ya yi ba. Haka Inna ke yi wa Baba in zai tafi masallacin Juma'a.

Washegari da hantsi Isyaku ya kai ni bayan makaranta, inda ya sa aka gina masa 'yan ƙananan rumbuna irin na gida don gwaji. Ba kowa a wurin. Na ce, "Isyaku, gadon da na kwana a kai na wane ne?"

Ya daɗe yana kankare laka da farce. Ya ce, "A takarda nawa ne."

"Alhaji Mato ya je gida. A zaure ya yi magana. Baba ya rantse."

"Na sani tun da na gan ka."

"To, ƙarya ce ko gaskiya?"

"Wacce daga ciki? Zane dai ba na ɗaurawa. Mutanen rumfar nan kuwa ina zama da su, don a wajensu ne kawai ba na auna kowace kalma kafin in faɗe ta." Ya ɗago ya dube ni. "Yaya, tun ina aji uku na san ni ba kamar ku ba ne. Na yi azumi. Na sha rubutu, kai da kanka ka karɓo mini wajen Malam na Balan, kana zaton ciwon kai ne. Na zo nan na shiga ɗakin littattafai na karanta duk abin da likitoci suka rubuta, ko zan sami magani. Ban samu ba. Bitrus na samu."

Na ce, "A'uzu billahi."

"Ka faɗa, ni ma na sha faɗa. Salla ban bari ba. Kuma kada ka zaci daɗi muke ji. In aka ƙwanƙwasa ƙofa, sai mun ji ko wane ne kafin mu buɗe. A hanya ba ma jerawa. 'Yan tuwon nan da ka gani, in suka sani, ba mai sake cin abin hannuna, kuma magana ɗaya za ta kai Kano wajen masu biya mini kuɗin makaranta, a janye ni daga karatu. Akwai irinmu a nan, mun san juna, amma ko gaisawa ba ma yi a fili. Shi ya sa ba na zuwa hutu. Ina tsoron idon Inna."

Sai na hau faɗa. Na ce an bar ni da fartanya an tura shi karatu, ga abin da ya saka mana da shi. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Me za ka gaya wa Baba?"

"Abin da na gani."

"Me ka gani? Ka ga kwalabe, ka ga ƙwari, ka ga ina tuƙa wa mutum goma tuwo. Faɗa masa wannan, ba ka yi ƙarya ba. Saura shekara ɗaya in gama. Ina so in zo in ga Inna, Yaya. Shi ke nan abin da nake roƙo."

Da rana suka kawo abinci a kwano ɗaya, muka zauna mu uku. Bitrus ya sa hannu, ni na janye nawa. Ya tashi a hankali ya wanke hannu ya fita. Duk da haka shi ya ɗauki jakata a ka har tasha, yana tafe can bayanmu kamar ɗan dako. Isyaku ya ba ni turmin atamfa na Inna da hula ta Baba. Jirgi ya tashi yana tsaye, bai ɗaga hannu ba.

Kwana biyu a hanya ina juya maganar. Kafin Minna na yanke zan rufa masa asiri. Kafin Kaduna na warware. Daga Wudil zuwa gida ban san me na yanke ba.

Na iso bayan la'asar. Kun san al'adarmu: matafiyi ba ya shiga cikin gida sai ya zauna a zaure, maƙwabta sun zo sannu da hanya, an ji labari. Zaure ya cika, har da liman, har da dagaci, ga Alhaji Mato a gefe yana ɓare goro. Na ba da labarin mota da man shanu, aka yi dariya. Sannan Baba ya gyara zama ya ce, "To, yaya ka baro ƙaninka?"

Kowane yaro a ƙasar nan ya san amsar wannan tambaya. Lafiya lau, yana gaishe ku. Na ce, "Yana nan."

Alhaji Mato ya ce, "Maganar nan fa?"

Baba ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Faɗa musu."

Na dubi dagaci, na dubi liman. Na ce, "Baba, sai mun shiga ciki."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Liman ya fara laluben takalminsa, saura suka bi, kowa na cewa sai da safe alhali rana ba ta faɗi ba.

Da muka shiga turakarsa, na buɗe baki zan fara bayani, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ni na haifi yaron nan. Kana zaton sai ka hau jirgi zan san ɗana? Na yi suɓutar baki a gaban mutane. Na aike ka don ka dawo a gaban mutanen nan ka ce lafiya, in ce alhamdu lillahi, a rufe maganar, yaro ya zo gida. Kai kuma ka je ka gano."

Na ce, "Baba, ai cewa ka yi in gano."

Ya ce, "Ɗauko alƙalaminka."

Shi ya faɗa, ni na rubuta da hannuna, cewa kada Isyaku ya sake taka gidan nan. Sau biyu yana tsayawa kafin ya ƙarasa. Da na fito, Inna na tsaye a bakin madafa. Na miƙa mata atamfar. Ta ce, "Ya rame?" Na ce a'a. Ta ce, "To," ta koma ciki.

Shekaru na yi ina gaya wa kaina tsoron Allah ne ya hana ni yin ƙarya. Amma ba wanda ya nemi in yi ƙarya. Yaron ya ba ni kalmomin da zan faɗa, dukkansu gaskiya. Abin da ya riƙe mini harshe shi ne idon dagaci, kada wata rana a ce Habu ya sani ya ɓoye. Da kuma haushin fartanyar nan, wanda ban san yana cikina ba sai da ya fito. Hukuncin abin da ke tsakaninsa da Bitrus na bar wa Allah, ba a ba ni shi ba. Nawa laifin na san shi.

Isyaku bai sake ganin Inna ba. Bayan shekara huɗu ta rasu, Baba ya bi ta da damina biyu.

Amsar wasiƙar ta zo bayan wata guda da aika ta. Da sunana ta zo, ba da na Baba ba. Na buɗe ta a bayan gida, ina jiran zagi. Layi uku ne. Ya ce ya gane rubutuna, kuma ya san ba ni na tsara maganar ba. Ya ce in riƙa karanta wa Inna cewa yana lafiya, ko da wasiƙa ba ta zo ba. A ƙarshe ya ce, "Na gode da ka zo, Yaya. Tun da na fara karatu, kai kaɗai ka taɓa zuwa gano ni."